Man Goge Baki a Cikin Kwamfutar Sahabi

Na yi kaso saboda man goge baki. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, ni ma yanzu ina taya shi. Ranar da aka sa mini ankwa dai ban yi ba.

Ni ɗan Filinge ne, haifaffen Kurfai. Ban yi lakkol ba, wato makarantar boko. Ina yaro awaki nake bi, da na tasa na koma tura baro a kasuwa, daga nan na hau motar hatsi zuwa Yamai. Can na faɗa hannun wani Bazabarme mai gyaran kwamfuta, shi ne maigidana har gobe. Shara na fara yi masa. Da ya ga hannuna ba ya rawa, sai ya miƙo mini turnabis ya ce in kwance ƙusoshin wata in gani.

Akwai irin da ya fi so, kwamfutar wasa, mai kauri mai fanka biyu, wadda samari ke buga ƙwallo da tseren mota a kanta. Ya ce mini, "Wannan doki ce, ba jaki ba. Tana gudu, tana ci da yawa, tana zufa." Ya nuna mini cikinta. Akwai wasu ƙananan faifai kamar farcen babban yatsa, su ke yin aikin duka, su ke ɗaukar zafi. A kansu jan ƙarfe yake kwance, shi ke jan zafin ya kai wa fanka ta hura shi waje. Tsakanin faifan da ƙarfen sai an sa wani mai mai launin toka, a sirinji yake zuwa, mu muna ce masa fat. In babu shi, ko ya bushe, zafin a ciki zai tsaya. Kamar ƙwayar wake ake sawa, ba ƙari. Cajarta kuwa kamar bulo take, don ƙaramar caja ba ta ƙosar da ita. Lambobin da ke bayan caja sai da ya sa na haddace su da ido, tun ban san baƙi ko ɗaya ba.

Na dawo gida na kafa tebur ƙarƙashin rumfa a bakin kasuwa. Yawanci waya ake kawo mini, kwamfuta jefi-jefi. Na yi shekaru ban cuci kowa ba. Ina faɗa ne don ku sani ba da sata aka haife ni ba.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, wuta ta koma zuwa ta gaisa ta wuce. Kaya suka daina shigowa. Wata rana wani ma'aikaci ya kawo mini kwamfutarsa tana zafi. Na buɗe, na kankare tsohon fat tas, na ɗauko sirinjina na matsa. Iska. Mutumin yana zaune yana kallona. Abin da ya kamata in ce shi ne, ka yi haƙuri, mai ya ƙare. Kunya ta hana. Na ce ina zuwa, na shiga shagon maƙwabcina na sayi man goge baki, na juya baya na ɗiga. Ta tashi, ta yi sanyi, ya yi godiya ya tafi. Ba a daɗe ba aka canza masa wurin aiki, ban sake ganinsa ba.

Abin da ya kashe ni ke nan, ba a kama ni a ta farko ba. Man goge baki yana aiki muddin da danshinsa. Bayan 'yan kwanaki ya bushe ya zama alli, sai dai kafin nan kuɗin sun shiga aljihu. Na daina neman fat ma gaba ɗaya.

Daga nan na koma kan caja. Mu mutanen nan da hannu muke auna komai. Mutum zai ɗaga zabo a kasuwar Baleyara ya jijjiga shi ya san ko yana da nama. Haka suke yi wa caja, in da nauyi to ta gaskiya ce. Ni kuma na san a Yamai caja ta asali ta yi tsada. Sai in samo ƙoƙon babbar caja da ta mutu, in kwashe cikinta, in sa kayan ƙaramar caja, sauran wurin in cika da dutsen marmara in manne. Mai kaya ya kawo gyara, in ce ya bar mini har cajar in gwada. Tasa ta tafi Yamai, ya koma gida da dutse.

Ana haka Sahabi ya zo. Saurayi ne daga wani ƙauye gefen Tondikandiya, ya dawo gari da mahaifiyarsa, Inna Kuluwa. Wansa da ke ci-rani a Aljeriya ya aiko masa kwamfutar wasa, ta gaske, ya ce ya zauna gida ya nemi abinci da ita, kada ya biyo shi ta hamada. Sahabi ya kafa rumfa, ya haɗa tele da faifan sola da batir, samari suna biya suna buga ƙwallo. Inna Kuluwa tana soya ƙosai a bakin rumfar tana sayar musu. Da kwamfutar nan gidan yake ci.

Da bazara ta kama sai ta fara mutuwa ana tsakar wasa. Ya kawo mini ita naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

Na ce, "Kai, mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Yaya, ai haka muke yi wa bidon, jarkar ruwa, ya yi sanyi."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Bidon yana numfashi? Ka toshe mata hanci da baki, ka ce ta yi gudu. Allah ma ya so ka ruwan bai shiga ba." Na gaya masa ya ɗora ta a kan itace biyu iska ta riƙa bi ta ƙasa, kada ya aza ta kan katifa ko yashi. Duk gaskiya na gaya masa. Na buɗe fankokin na ciro yashi da gashin akuya har ya yi mamaki. Sannan na ce ya dawo gobe, ya bar cajar.

Na san labarin wansa, na san ƙosan Inna. Duk da haka na yi. Da ya zo ɗauka ya ɗaga cajar ya jijjiga, ya gyaɗa kai.

Ba a yi mako ba ya dawo yana washe baki. Ya ce, "Yaya, mi ka sa mata? In ta ɗau zafi wani ƙamshi take fitarwa, rumfa duka ta ɗauka."

Na ce, "Sabon mai ne, na Turai."

Ya ce, "Inna ta ce ta san ƙamshin, ta dai rasa inda."

Na ce a raina tsohuwa ce, za ta manta.

Ranar sallah da la'asar Sahabi ya shirya gasa tsakanin unguwanni. Ya aiko a kira ni, wai ni ne likitan inji. Aka ba ni kujera a gaba, Inna ta ciko mini takarda da ƙosai da yaji. Rumfa ta cika har waje. Aka kai wasan ƙarshe. Sai na ji fanka ta canza murya, tana kuka kamar injin niƙa. 'Yan ƙwallon cikin tele suka fara tafiya kamar masu ciwon gwiwa. Ni na san abin da ke faruwa: man ya bushe, cajar kuma ba ta iya ciyar da ita, batirin cikinta yana ƙarewa alhali waya tana jone. Na fara neman takalmina da ƙafa.

Sai tas! Tele ta yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Cajar ta narke ta gefe ta tsage, duwatsu suka zubo ƙasa. Ɗaya ya gangara har gaban murhun Inna. Ta ɗauka ta juya shi, ta duba, ta ce, "Sahabi, wan naka dutse ya aiko maka tun daga Aljeriya? Ai muna da irinsa bayan gida."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na zabura. Ban kai bakin titi ba suka danne ni, ƙosai yana bakina.

A jandarmari shef, babbansu, ya ce in buɗe kwamfutar da hannuna. Na buɗe. Man ya yi fari fat, ya bushe ya tsattsage. Ya kankara da farce ya shinshina. Inna Kuluwa ta matso ita ma ta shinshina, ta tafa hannu ta ce, "Na tuna! Abin da jikokina ke wanke baki da shi!"

Shef ya ce, "Kai mai gyara ne ko likitan haƙori?"

Har jandarman da ke riƙe da ni sai da ya yi dariya. Sahabi ne kaɗai bai yi ba. Yana tsaye ya rungume kwamfutar. Kafin magariba labari ya zaga gari. Duk wanda na taɓa yi wa gyara ya zo da cajarsa, ana fasawa a ƙofar jandarmari, duwatsu suka yi tsibi. Alƙali bai sha wahala da ni ba.

Kaso ba zan yi dogon bayani ba. Ɗaki ɗaya, mutane da yawa, taga ƙarama can sama. Da wata bazarar ta zo na kwanta ina haki, na ce to, ga abin da na yi wa injin mutane. 'Yan ɗakin suka sa mini Likitan Haƙori, duk mai ciwon baki a turo shi wurina don tsokana. Wani malamin lakkol da muke tare ya koya mini baƙi da gawayi a jikin bango, da baƙin nan nake rubuta wannan.

Ƙanwata ce ta kawo mini labarin da ya hana ni dariya. Rumfar Sahabi ta rufe, Inna ta daina suya don ba masu saye. Ya yi noma, ya yi lebura, abin bai riƙe gida ba. Ya ce da an gama girbi zai bi wansa ta hamada. Hanyar da aka sayi kwamfutar don kada ya bi ta, ni na tura shi.

An sake ni ana yankan gero. Ban je gida ba, gidansu na nufa. Na tarar da jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi laifi. Ku ba ni ita in kai Yamai wurin maigidana."

Sahabi ya ce, "Ka cinye cajar, yanzu ka dawo ɗaukar uwar?"

Inna ta shiga ɗaki ta fito da ita naɗe cikin zanen sallarta. Ta ce, "Za a kai ta. Amma da ni za a je, a cinyata za ta zauna. Kai kuma ɗan nan, ka zauna inda nake ganin hannuwanka." Ta juya ga Sahabi ta ce, "Ba ka taka ko'ina sai na dawo."

Haka muka yi tafiyar. A Baleyara na ce in riƙe mata ta sauka ta sha ruwa, ta ce ƙishirwa ba ta kashe ta.

Maigidana ya ji labari tun kafin mu iso. Bai amsa gaisuwata ba. Ya gaida Inna, ya buɗe, ya auna nan ya auna can. Ya ce mashigar wutar ce ta ƙone, faifan sun sha wuya amma da ransu. Sannan ya dube ni ya ce, "Na ce maka doki ce, ka ba ta dutse ta ci." Ya yarda zai gyara ya ba da caja ta asali, ni kuma in zauna in yi masa aiki har ladana ya biya. Da ya zo sa fat, Inna ta ce a tsaya. Ta karɓi sirinjin ta shinshina sosai, ta ce, "Ba ya ƙamshin komai." Ya ce, "Haka na gaskiya yake, Inna." Ta ce to a sa.

Na raka ta Filinge kafin in koma bakin aikin. Sahabi ya jona, ya kunna, ya sa ƙwallo, ya bar ta tana gudu tun azahar har la'asar yana taɓa bayanta. Ba ta mutu ba. Bai ce ya yafe ba. Ya dai tashi ya kwance jakarsa, ya ce wa Inna ta jiƙa wake.

Samari, ga abin da zan ce muku. In abu ya ƙare a hannunka, ka ce ya ƙare. Kunyar ba ta kai ta ankwa ba. In ka yi ta farko ba a kama ka ba, kada ka ce sa'a ce, ni a nan na faɗi. Ku kuma masu kwamfutar wasa, ku ɗaga ta daga ƙasa, ku sa a hure fankarta, kada ku naɗe ta da komai. Caja kada ku auna ta da hannu, ku duba lambobin bayanta su yi daidai da na ƙarƙashin kwamfutar, ku yi mata alama kafin ku bar ta wurin kowa. In za a sa mata mai ku tsaya a kai.

Na gama biyan maigidana. Ina Filinge, teburina yana gefen rumfar Sahabi, shi ya ce in kafa a nan don ya riƙa ganina. A gaban mai kaya nake buɗewa, in miƙa masa sirinji ya shinshina. Yara har yau Likitan Haƙori suke kirana, ina amsawa. Dutsen nan kuwa Inna ba ta yar da shi ba, da shi take danne takardun ƙosai kada iska ta kwashe.