Bishiyoyin Kwakwa na Roba

Da ƙarfe sha ɗaya saura kwata na wata safiyar Talata wani akwatin katako ya kufce wa leburori, ya bugi bakin kwalbati. Lokacin gwamnati na kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, tirela bayan tirela. Ni kuma ɗalibar labarin ƙasa ce, an turo ni sanin makamar aiki a wani ƙaramin ofis mai kula da yawon buɗe ido a bakin teku. Ofishin ya taso, tekun bai biyo shi ba.

A cikin akwatin akwai samfurin wurin shaƙatawa da ake shirin ginawa a wani tsibiri: ƙasa ta kwali, ruwa na shuɗin fenti, ɗakuna kamar kwalin ashana. Faɗuwar ta tuge duk bishiyoyin kwakwa na roba da aka kafa a kai. Madam, sakatariyarmu, mutuniyar Kuje, ta leƙa ta kwashe da dariya.

"Oga, ka ba Malama Shiru. Wannan yarinya ko allura ya faɗi a yashi zai nemo shi."

Aka ba ni gam da matsefata da tebur a lungu.

Oga yana son wannan aiki da gaske. Ya tsaya a kaina yana nunawa da biro. Itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ba za a sare ko ɗaya ba. Baƙi za su riƙa tafiya a kan gadar katako don kada su tattake ciyawar da ke riƙe yashi. Inda kunkurun teku ke yin ƙwai, ba fitila, ba kiɗa.

"Kin gani? Har kunkuru mun ba shi fili, bai biya ko sisi ba."

Sai washegari na gane wurin. Ina manna bishiya a gefen ruwan da ya raba tsibirin da gari, na ga yadda ya lanƙwasa kamar ludayi, ga matsayar kwalekwale a wuyansa. A wannan tsibiri aka haife ni. Baba yana sayen kwakwa a hannun mutanen tsibirin yana aikawa Arewa. A can Umma ta rasu ina shekara goma sha biyu, kafin mu dawo Kubwa ya buɗe shago.

Ban taɓa ganin kabarinta ba, mata ba sa bin makara. Daga bakin ƙofa na ga hanyar da mazan suka bi, bayan inda masunta ke shanya raga, suka sha kwana. Na bi wannan hanya da bakin matsefata a kan kwalin. Inda ta ƙare, sun kafa rumfar cin abinci mai dogayen ƙafafu, har da ƙananan tebura.

Na ci gaba da manna bishiyoyi. Ban ji komai ba, sai warin gam.

Tambayar da nake son yi wa Oga kan rumfar nan ta daɗe a bakina. Kullum nakan shirya ta a cikin bas daga Kubwa, in gyara kalmomin, in isa ofis in gaishe da oga in zauna. Ranar da ta fito, ba a yadda na shirya ta fito ba.

"Oga, nan maƙabarta ce."

"Maƙabarta? Masu awon fili sun zagaye wurin nan kaf. Ba dutse, ba gicciye, ba allo."

"Namu ba a sa musu komai. Tudu ne kawai, yashi kuma ba ya riƙe tudu."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon rumfar. Ya ce zai tambayi mutanen Legas. Na san ya tambaya, na ji shi yana ɗaga murya a waya, layin na yankewa. Waɗanda suka yi awon, an ce wasu sun yi ritaya, wasu suna hanya, takardunsu na cikin wata tirelar. Madam ta daina ce mini Malama Shiru. Takan ajiye mini gyaɗa a gefen tebur ta wuce.

Baba ne na ƙarshe da na faɗa wa, don ba ma maganar Umma a gida. Na same shi a shago bayan la'asar yana ƙulla sukari a leda. Na yi bayani dalla-dalla, gadar katako, kunkuru, rumfa. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa.

"Kada ki wahalar da ogan naki, uwata. Teku ya riga su. Tun da masu kwasar yashi suka fara aiki a gefen nan ruwa yake matsowa, bara waccan ya cinye wurin duka. Wani direba mai ɗauko kwakwa ne ya faɗa mini. Kina jarrabawa lokacin."