Yatsun Basma

A unguwar Abbasiya ta Umdurman, in ka ce Mawahib 'yar Malam Jibrin ba kowa zai gane ba, amma kana cewa mai zanen katun, ko mai rakshar bakin titi, keken hayar nan mai ƙafa uku, zai nuna maka ƙofar gidan. Tsintar auduga ce ta zaunar da kakanninta a yankin Jazira na Sudan, mahaifinta ya tsallako birni ya yi gadi har Allah ya karɓi abinsa, ita kuwa ta tashi da fensir a hannu. Ta yi karatun zane, ta sami aiki a wani ofishin talla a Khartum, tana sa kwalbar lemo rawa a talabijin. Aikin ya riƙe gida, amma ba shi ne a ranta ba.

Abin da ke ranta yayanta ne, Idirisu. Zazzaɓi ya tafi da jinsa tun yana goye. Makarantar unguwa ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba, don haka ya girma ko harafi bai sani ba. Sai dai Allah ya yi masa hannu. Kafinta ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kuma da hannun nan yake hira, ya yi tsegumi, ya kwaikwayi tafiyar mai unguwa har ka riƙe ciki. Inna Mariyamu ce ta haife shi, amma har ya yi gemu abin da ta iya gaya masa bai wuce ci da zo da bari ba. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Mawahib rai, shi ya sa ta ƙirƙiri Basma.

Basma yarinya ce ta zane, mai kitso biyu da wushirya, aikinta koya wa iyayen kurame maganar hannu. Duk Juma'a Mawahib za ta zaunar da Idirisu a jikin farin bangon ɗakinta, yana yin alama tana sa wa Basma. A cikin manhajar da take aiki da ita, kowane yatsa sai an yi masa gaɓoɓi, an koya masa inda zai lanƙwasa da inda zai tsaya. Idirisu kuma malami ne mai tsanani. In ɗan yatsa ya karkace ko kaɗan, sai ya buga tebur ya harare ta, a sake. Shekaru suka kwashe a haka, har Basma ta iya alamu ɗaruruwa, ko da yake kaɗan daga ciki ne aka gama haɗawa suka zama fim.

Ana cikin haka zarton inji ya ɗauke masa yatsu biyu na ƙarshen hannun dama. Ya warke, ya koma aiki, amma maganarsa ta samu giɓi. Yakan tsaya bayan kujerar Mawahib yana kallon Basma tana juya yatsunta goma cif, ya nuna allon, ya nuna ƙirjinsa. Hannunsa na dā a can kaɗai ya saura.

Manhajar nan ba ta sata ba ce. Mawahib ta saye ta tun lokacin da ake sayen abu ya zama naka, ta hannun wani ɗan uwa da ke Jidda. Rana tsaka kamfanin da ya yi ta ya aiko wa kowa da sanarwa: an daina sayarwa, yanzu haya ce wata-wata, kuma tsohuwar an haramta aiki da ita, duk kwamfutar da ta hau intanet da ita za a kulle. Ka ji mutane! Sun sayar maka da gado, sun dawo sun ce kwanciyar kuma ta haya ce. Katin bankin Sudan ma ba ya shiga wurinsu. Duk da haka ta kai Basma shagon Wa'il mai gyaran kwamfuta, suka gwada ta a sabuwar manhajar. Fuskar ta fito lafiya lau, amma yatsun suka watse, wani ya juya baya, wani ya huda tafin hannu.

"Ya ustaza, sabuwar ba ta san gaɓoɓin tsohuwar ba," in ji Wa'il. "Ki rufe wa kwamfutar nan ƙofa, khalas, shi ke nan. Kada ta ƙara jin ƙanshin shabaka."

Haka ta yi, ta raba ta da shabakar, wato intanet. Ta zare wayar da ke tsakanin kwamfutar da akwatin waifai, ta kafa doka a gidan, har Inna ta koma ko ƙura ba ta kaɗe wa teburin.

Sai ga shekarar da gari ya rikice, aka yanke intanet a ƙasar. Makonni suka shuɗe babu shi. A nan Mawahib ta yi sakacin da ba za ta manta ba. Tana son kwashe wasu zane zuwa ƙaramar kwamfutar ofis, ta ga mayar da wayar nan cikin akwatin ya fi sauƙi, tun da akwati ne kawai babu abin da ke shigowa cikinsa. Ta gama, ta zare akwatin daga wuta, ta bar wayar a maƙale.

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka kawo wuta. Ta kunna kwamfutar, ta sa ta haɗa darasin gaisuwa, aikin da kan ci wuni guda, ta tsallaka Khartum. Bayan azahar tana zaune wurin mai shayi kusa da tasha, sai wayoyin mutane suka ɗauki ƙara gaba ɗaya kamar kaji an watsa musu tsaba.

"Shabaka ta dawo!" wani saurayi ya yi ihu. Mai shayi ta rangaɗa guɗa, motoci suka hau ham, wani dattijo ya rungumi wanda bai sani ba.

Mawahib ma ta yi murmushi. Akwatin gida a kashe yake, ta san da hannunta ta zare shi. Tana cikin wannan tunani wayarta ta yi tsuwa, kiran bidiyo, hoton Idirisu. Wayar Idirisu ba ta da intanet nata na kanta, da akwatin gida kaɗai take kira.

Ta bar shayin ta afka cikin motar Umdurman da ke shirin tashi, ta amsa. Ga fuskarsa ta cika allo, bakinsa har kunne. Tun da aka yanke intanet ba shi da hanyar jin lafiyarta in ta tsallaka kogi, sai dai ya zauna bakin ƙofa yana duban hanya. Ya jingina wayar da randa ya fara gaisuwa a tsanake. Kina lafiya? Hanya lafiya? Kin ci abinci? Inna ta tafi gidan makoki. Ni na kunna akwatin, ni kaɗai!

Maganar hannu tana son hannu biyu, ita kuwa ɗaya na riƙe da waya, motar na tsalle. Ta yi alamar akwati da hannu ɗaya, ya ɗauka yabo ne, ya daki ƙirji. Ta juya ga matar da ke gefenta, wata dattijuwa lulluɓe da farin tobi.

"Ya Hajja, don Allah riƙe min wayar nan, ki saita ta fuskata."

"Lafiya, 'yata?"

"Yayana ne, kurma ne. Ki riƙe kawai."

Dattijuwar ta riƙe da hannu biyu. Kwandasta ya zo yana ƙyasta yatsu don kuɗin mota, ta daka masa tsawa ya wuce. Mawahib ta yi alamun a fili, ɗaya bayan ɗaya, yadda shi ya koya mata. Yaya, akwati. Zare. Basma. Za ta mutu.

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ta ga rufin ɗaki, ta ga ƙafarsa a guje, sai hoton ya daskare. Ya zare ke nan. Amma tun yaushe akwatin yake kunne kafin ya kira? Wannan ne ba ta sani ba, kuma yanzu babu hanyar tambaya. Ta kira Inna, wayar ta yi ta ringi a ƙasan jaka a gidan makoki.

A bakin gadar Farin Nilu motoci suka cushe. Masu binciken hanya na leƙa kowace mota, ba sa sauri don kowa. Cikin motar kowa ya duƙufa kan wayarsa, wannan na dariya, waccan na kuka don saƙon da ya daɗe yana jiranta. Mawahib ta ƙura wa ruwa ido. Tana ta lissafin abin da ba ya lissafuwa: wataƙila intanet ɗin bai yi ƙarfi ba tukuna, wataƙila manhajar na can ta shagala da aikinta ba ta leƙa waje ba. Dattijuwar ta dafa gwiwarta tana cewa Allah karim, ba ta san ma abin da take yi wa addu'a ba.

Ana sauka daga gada Mawahib ta dire, ta tari raksha. Daga bakin lungu kuwa da gudu ta ƙarasa, takalmi ɗaya a hannu.

Ta tarar da Idirisu tsaye a ƙofar ɗakinta, ya rungume akwatin waifai, wayoyinsa na reto. Bai taɓa kwamfutar ba, doka ce. Ya matsa mata ta shiga.

Allon na kunne. Basma na tsaye, hannunta na dama a ɗage, ta fara sallama ba ta ƙarasa ba. A kan ƙirjinta wani ɗan farin akwati ya fito da rubutun Turanci mai ladabi, yana cewa wannan tsohuwar manhaja ba ta da izinin aiki, a shiga sabon tsari. Maɓalli ɗaya ne a ƙasa, na rufewa. Mawahib ta danna nan, ta danna can, babu abin da ya motsa. Wani baƙin ciki ya kama ta, na kamfanin da bai san akwai wata Abbasiya a duniya ba, da na wayar nan da ita da kanta ta bari maƙale a akwatin.

Idirisu ya taɓa kafaɗarta. Na yi sauri? ya tambaya da hannu.

Ta ɗaga hannu za ta ce masa e, ya yi sauri. Amma mutumin da ya rayu yana karanta fuska ba a yi masa ƙarya da hannu. Ya dubi idonta, ya dubi allon, ya ajiye akwatin a ƙasa a hankali. Ya daɗe yana kallon yatsun Basma biyar da ke sama, ya kai nasa kusa da gilashin, ya janye.

Ni na kashe ta, ya nuna.

A'a, Yaya. Kirana ka yi.

Ya fita. Ta ɗauka bakin ƙofa ya nufa, sai ta ji ƙarar kujera ana ja. Ya kawo ta jikin farin bangon nan, ya zauna, ya gyara wuyan riga kamar kowace Juma'a, ya nuna mata takarda da fensir. Sannan ya ɗaga hannun dama ya yi sallamar da Basma ba ta ƙarasa ba.

Mawahib ta zana tafin, ta zana babban yatsa da biyun da ke biye. Hannunta ya saba, ya wuce zai ƙara sauran. Idirisu ya buga tebur ya harare ta. Ta goge, hawaye na ɗiga kan takardar, ta zana hannun yadda yake.