Kuɓewar shekara biyu

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja da baya, amma lungunmu na Ƙofar Mazugal bai gama bushewa ba. Shekarar ta zo mana da sauƙi. Katangar da muke ta fargaba a kanta ba ta faɗi ba, kuɓewa ta yi araha har masu talla na roƙon a saya. Ana cikin haka takardar babban yarona ta iso.

Malamin lissafi ne a sakandare. An ɗauke shi ya je koyarwa wata ƙasa na shekara biyu, aka ce ya zaɓa: ko makaranta a babban birnin ƙasar, ko wata ƙarama a wani tsibiri a tsakiyar teku. Ranar Alhamis zai ba da amsa.

Mahaifinsa bai ɓata lokaci ba. Ɗan kasuwa ne tun kakanni, kuma a wurinsu ba a zuwa garin da ba ka da mai masauki. Akwai wani Alhaji ɗan Dukawuya da ya daɗe a birnin yana cinikin fata.

"Zai ba ka ɗaki, ka ci tuwo irin na gida, Juma'a ku tafi masallaci tare," in ji shi. "Tsibirin fa, wa ka sani? Kifi? Amma tambayi uwarka. Abin da ta ce shi ke nan."

Ya faɗi haka ne don ya san ba zan ce komai ba. Yaron ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ta goya shi. A danginmu, mu da kakanninmu suka ajiye sandar kiwo suka zauna a birni, uwa ba ta sa baki a sha'anin ɗan fari. Shi kuwa na san halinsa, in bai ji daga gare ni ba zai bi maganar uban, ko da ransa bai so ba.

Ranar Talata da la'asar ina tankaɗe ya zo ya tsuguna a ƙofar madafa.

"Inna, sannu da aiki."

Na amsa ina kallon rariya. Can na ce, kamar da garin nake magana, "Shi ruwan da ya kewaye tsibirin, wane wata yake janyewa?"

A zatona kamar kogunanmu ne, da rani a taka yashi a wuce. Ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Inna, ba ya janyewa. Tun da Allah ya yi shi yana nan."

"To da rani ta ina ake bi?"

"Jirgin ruwa, rani da damina."

Na ce Allah ya kyauta. Da zai tashi sai ya tura wata takarda ƙarƙashin faifai.

Da Hausa ya rubuta, da manyan baƙaƙe, don ya san irin karatuna. Ya ce makarantar birni tana da malaman lissafi har sun yi yawa, shi ƙari ne kawai. Ta tsibirin kuwa tun da malaminsu ya tafi ba a samu wani ba, yara suna ta zuwa jarrabawa haka nan. Bai rubuta wadda yake so ba. Amma layin birni uku ne, na tsibiri ya cika shafi har ya juya baya.

Na daɗe riƙe da takardar. Abin da ya faɗo mini shi ne malamarmu ta yaƙi da jahilci, wadda ta koya mini riƙe fensir ina da 'ya'ya huɗu. Daga kudu aka turo ta, ba ta san kowa a Kano ba, Hausarta ma sai a hankali. Ba ta da mai masauki. Amma sati bai cika ba muka raba kwana: yau tuwo daga gidana, gobe fura daga gidan maƙwabciya. Da zazzaɓi ya kwantar da ita mu muka yi jinya, bi da bi. Wanda ya zo da abin da mutane suke nema, iyayen yara ne masu masaukinsa. Wannan da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Kuma ban ga dalilin da zai sa matan wancan tsibirin su fi mu rowa ba.

Bayan magariba Malam, mahaifin nasa, ya tambaye ni, "Kin yi masa magana?"

"Ni? A'a."

"To birni ke nan. Ki ɗan ƙulla masa yaji kaɗan, kada ki wahal da kanki. Can akwai komai, matar Alhaji har daddawa take sayarwa."

Na ce, "To, Malam."

Washegari da sassafe na tare mai tallar kuɓewa, na ce ta juye duka, ta koma ta ƙaro. Na aika wa maƙwabciya a kawo mini kuka da daddawa gwargwadon abin da za a samu. Na shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida inda rana take fara sauka, na zauna da wuƙa.

Malam ya fito zai tafi kasuwa, ya rasa inda zai taka.

"Wannan kuɓewar fa? Unguwa za ki ciyar?"

"Shekara biyu ce, Malam, kuma inda za shi ba a sayarwa."

Ya tsaya yana duban tabarmin, ya dubi yaron da ke tsaye a bakin soro da jakarsa ta makaranta. Ya gyara hula.

"Ai ni na ce abin da ta ce shi ke nan," in ji shi, ya raɓa ta jikin bango ya fita.

Ban ɗaga kai ba. Na jawo kwando na biyu na ci gaba da yanka, sirara-sirara, don ta bushe sosai kada iskar teku ta sa mata ruma.