Malam Dakata, Mai Tsaron Jijiyoyi

Ranar Talata, tara ga watan Maris, ina wanke hannu zan shiga tiyata aka zo aka gaya mini Allah ya karɓi ranka, bayan jinyar kwana shida. Na bar famfo yana zuba har sai da wata nas ta zo ta kashe. Wanda ya ba mu kai ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Shekara ashirin da biyu muka yi a ɗaki ɗaya, ni ina yanka, kai kana lungu a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa. Kafin in taɓa bayan mara lafiya, sai ka soka masa siraran allurai a ƙafafu, ka haɗa su da wayoyi zuwa na'urarka. Da hannuna ya matsa wa jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa, sai layukan na'urar su rikice, kai kuma ka ce, "Dakata." Daga nan sunan ya bi ka. Har matarka, in ta bugo waya, Malam Dakata take cewa a ba ta.

Da farko ban ƙaunace ka ba, ka kuma sani. Ni da ake kira babban likita, a ce mutum ya tsayar da ni a gaban ɗalibaina, ko "ranka ya daɗe" babu. Wata safiya ka tsayar da mu minti goma, ka ce ƙafar hagu ta yi shiru gaba ɗaya. Kowa ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa mini hula. Ashe takalminka ne ya fizge waya. Ka mayar da ita, ka ce ƙafar ta dawo, in ci gaba, kamar wata alfarma ka yi mini. A ranar na kai ƙararka.

Kafin a zauna a kan ƙarar aka kawo wata mai ɗinki, uwar 'ya'ya huɗu, da keken ƙafa take ciyar da su. Ina ɗaura ƙusa a ƙashin bayanta ka ce in dakata. Na ce ka duba takalminka. Ka kuwa sunkuya ka duba da gaske, ka ɗago ka ce takalmi lafiya lau, ƙusata ce. Na zare ta cikin fushi don in kunyata ka, sai ga shi ta kauce hanya, tana gugar jijiya. Bayan wata biyu matar ta koma kan kekenta. Na janye ƙara. Kai kuma daga ranar ka riƙa naɗe ƙafafunka a ƙarƙashin kujera.

Bara waccan nawa bayan ya gaji da sunkuyo, aka sa ranar yi mini aiki, kai kuma ka riga ka yi ritaya. Na je gidanka da kaina, na zauna a falo ina ta kewaye-kewaye, ina tambayar lafiyar kajinka. Sai da ka bari na sha shayi kofi biyu, sannan ka ce za ka zo, amma a nemo maka tsohuwar kujerarka. An ce sau uku ka tsayar da likitan da ya yi mini aikin, ya fito yana tambayar yadda na jure ka shekara da shekaru. Da na farka, na same ka a ƙarshen gado riƙe da babban yatsan ƙafata. Ka ce in motsa, na motsa.

"Likita," ka ce, "jijiyoyinka sun fi ka jin magana."

Waɗanda ka tsare wa ƙafafu duk suna barci ka yi musu aiki. Ni suke zuwa yi wa godiya, ni kuma in karɓa ba kunya. Ranar da aka kai ka, da ƙafata na bi ka tun daga ƙofar gida har makabarta, ban nemi wurin zama ba.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa kowane takun mutanen nan ya zame maka lada. Ga uwargidanka, 'ya'yanka uku da ƙannenka, ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan ma'aikatan ɗakin tiyata. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu, ya sa mu cika da imani. Amin.