Karsanar Alhaji Modibbo da Babin Haila

Alhaji Modibbo Bafillatani ne, kuma ba ya bari a manta. Kakansa ya bi shanu a dazukan Garki. Shi kuwa fayil ya bi daga ofis zuwa ofis a Dutse har furfura ta fito. Da ya yi ritaya sai jinin ya motsa. Ya sayo farar karsana a kasuwar Shuwarin, ya kafa mata turke a bayan gidansa na Yalwawa, sannan ya aika wa yayansa Baffa a ruga cewa baɗi war haka ya zo ya ga maraƙin da garkensu bai taɓa ganin irinsa ba. Baffa ya daɗe yana ce masa Bahaushen gidanmu, abin kuwa yana ci masa rai.

Akwai wani bijimi irin na Turai a wata gona a hanyar Kiyawa. Abin da ya rage kawai a san ranar kai amarya. Nan Alhaji bai nemi shawarar kowa ba. Ya karanta babin haila tun yana samari, ya kuma daɗe da aure, don haka ya yanke cewa mace mace ce, ko da ƙafa huɗu take tafiya.

Wata safiya ya ga ɗan jini a wutsiyarta. Ya gyaɗa kai, ya ce ta shiga al'ada, a ƙyale ta sai ta yi tsarki. Da ya ƙiyasta ta yi, ya ɗauko a-kori-kura aka kai ta. Bijimi ya shinshina ta sau ɗaya ya koma kan harawarsa. Ita kuma ta kai masa harbi don kada ya sake tunani.

Saniya dai ba ta haila. Ɗan jinin nan yakan biyo bayan lokacin barbara ne, wato kasuwa ta riga ta watse. Lokacin kansa shi ne ranar da take ta kuka, ta ƙi dusa, tana fizgar igiya. A irin wannan rana Alhaji maganin tsutsa yake ɗura mata.

Matarsa Hajiya Kubura ta leƙo ta ce, "Alhaji, wannan kukan ba na tsutsa ba ne. Miji take so."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah! Dabbar gidan mutunci ce."

"To. Ni ma ai duk wata maganin zazzaɓi ka yi ta sayo mini, har abin ya ɗauke don kansa."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Aka yi ta zaryar Kiyawa har direban motar ya fara gaida karsanar kafin mai ita.

Ran wata Juma'a, Alhaji yana masallaci, ta tsinke igiya. Aka same ta a gidan Ɗanladi mai faci, tare da wani ɗan guntun baƙin bijimi da yake kiwo don Babbar Sallah, tana tuƙa cikin kwanciyar hankali. Daga ranar kuka ya ƙare. Alhaji ya ce maganin tsutsa ne ya kama ta.

Maraƙi ya zo baƙi wuluk, gajere, ƙafafu kamar na turmi. Baffa ya taso takanas daga Garki. Ya zagaya shi, ya dogara da sandarsa.

"Modibbo, wannan ne Baturen?"

"Shi ne, Yaya. Su a hankali suke yin fari."

Daidai nan Ɗanladi ya tsaya da babur a bakin katanga, ya cire hula cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, barka da arziki. Yaya mai jego? Yaya jikan namu?"