Cikin Jemima Mai Kifi

Jemima 'yar Zing ce, aure ya kawo ta Jalingo. Mijinta Tobias yana tuƙa Keke Napep, ita kuma tana saro bandar kifi daga Lau tana kasawa a bakin kasuwa. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, ba ta san rangwame ba, a ciniki ko a magana. Ranar Lahadi ita ke buga tulu a zumuntar matan cocinsu da ke Majidaɗi, kuma ko masu jin haushinta sun san in babu hannunta waƙa ba ta tashi.

Tirela ce ta yi ajalin Tobias, ya bar ta da yara biyu. An fi shekara da rasuwarsa cikinta ya fara tasowa. Abinci kaɗan sai ta ƙoshi, wani lokaci ciwo ya murɗe ta har ta dafa tebur. Ta sha maganin tsutsa, ta sha jiƙo, ciki sai gaba yake yi.

Matan zumunta, waɗanda ba su taɓa lura da ramar yaranta ba, nan take idonsu ya buɗe. Shugabarsu Mama Alisabatu, wadda ke ganin tsufa kaɗai ya mai da ita ungozoma da alƙali, ta tsare ta bayan sujada, mata uku na tsaye a bayanta suna sunkuyar da kai kamar masu jin kunya.

"Jemima, mu iyayenki ne," in ji ta. "Faɗi sunan mutumin, mu san yadda za mu rufa miki asiri."

"Wane mutum, Mama?"

"Wanda ya yi wannan aikin."

Jemima ta kwance bakin zaninta. "Kin fi ni haihuwa. Taɓa ki ji ko yana motsi."

Mama Alisabatu ba ta taɓa ba, don ba ta zo neman sani ba. Aka karɓe tulun, aka ce ta koma bencin baya har sai ta tuba. Da suka rasa suna sai suka zaɓo da kansu, suka ɗora wa Manasseh, direban da ke kawo mata kifi. Matarsa ta zo har kasuwa ta zage ta tas a gaban masu saye. Wata tara ya wuce babu haihuwa. Mai hankali da ya sake tunani, amma su sai suka ce ai magani ta sha cikin ya kwanta.

Wata rana da hantsi ta yi ta amai har ta zube a gefen tebur. Asta, Bafulatanar da ke sayar da kindirmo kusa da ita, ta ajiye ƙwaryarta ta tare Keke. "Useni, tashi," ta roƙe ta da Fulatanci. "Wannan ba na jiƙo ba ne."

A asibiti aka yi mata hoton ciki. Likitar, Dakta Mufida, ta juyo mata da allon ta nuna wani baƙin da'ira. Ta ce akwai tantanin da ke riƙe da hanji a jikin bayan ciki, a nan wata jaka ta tsiro ta cika da ruwa, ita ke danne hanjin. Ta ce abu ne da ba kasafai ake gani ba, yana samun yara, yana samun manya, wani ma da shi ake haifarsa bai sani ba.

"To babu ɗa?" in ji Jemima.

"Babu, Mama. Aiki za a yi a cire."

"In kun cire, ki ɗaukar min hotonsa a waya."

Aka yi aikin lafiya, aka fitar da jakar, girmanta ya kai kankana. Tana kwance a ɗakin jinya, Asta na zaune a gefenta, sai ga Mama Alisabatu da rakiyarta, da filas ɗin kunu, fuska cike da tausayi sabo fil.

"Mun yi ta addu'a a kanki, 'yata. Ubangiji ya ji kukanmu."

Jemima ta lalubo wayar a ƙarƙashin filo ta miƙa mata. "Ga jikanki, Mama. Da wa ya yi kama, da Manasseh?"

Tsohuwar ta kalli hoton jakar a cikin tasar asibiti, ta kau da kai, ta shiga tambayar Asta ko akwai kofi. Cikinsu babu wadda ta ce a yi haƙuri. Asta ce ta shanye kunun bayan sun fita, ta ce sukari bai ji ba.

Jemima ta warke ta koma kan teburinta, bakinta na nan yadda yake. Mama Alisabatu kuwa yanzu duk macen da ta ce cikinta na ciwo sai ta zaunar da ita ta yi mata bayanin jakar ruwa, ta ƙara da cewa ita tun ganin farko ta san na Jemima ba ciki ba ne.