Kwana Biyu Na Hana Ɗana Nono Saboda Korona

Ranar Alhamis ce, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Ina tsaye a kicin ɗinmu a Tudun Ƙofa da cikin wata bakwai, na buɗe kwalbar daddawa, ban ji warin komai ba. Na kai ta har bakin hancina. Babu.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da rubutu a shafin nan. Waɗanda suka yi ta tambayar ko lafiya, ku yafe mini. Yau zan faɗa yadda aka yi, kuma duk abin da zan faɗa yana cikin littafin da na riƙa rubutawa a lokacin.

Ban daɗe da gama digiri ba, ina jiran kiran bautar ƙasa. Washegarin abin daddawa sai zazzaɓi da busasshen tari. Ranar Litinin aka zura mini tsinken auduga a hanci. Bayan kwana uku sakamako ya fito: korona.

Kwana goma sha huɗu ni kaɗai a ɗaki, maigidana yana ajiye abinci a bakin ƙofa. Safe da yamma ina auna zafin jikina, ina ƙirga motsin cikin. Na warke. Aka sake gwaji, babu cutar.

Tsoron dai bai fita ba.

Na haihu ranar Lahadi da safe, namiji, kilo biyu da ɗigo takwas. Ya yi kuka nan take, ya kama nono sau ɗaya. Da la'asar aka sallame mu.

Goggo Larai, ƙanwar babana wadda ta raine ni, ta zo daga Agwada don wankan jego. Ta ce cutar da ta ɗauke wa mutum jin wari ba za ta bar nono lafiya ba, sai an gwada shi. Ta sa na tatsa a murfin kwano, ta kamo tururuwa uku ta saka a ciki. Ɗaya ta fito. Biyu suka mutu.

"Kin gani ko, 'yar nan? Akwai dafi. Sai an wanke shi da magani tukuna."

Ban ɗora wa Goggo laifi ba. Haka aka yi mata, haka ta ga ana yi. Ni kuwa na san tururuwa ko a ruwan randa za ta nutse. Amma wata biyu na yi ina karance-karance a waya, kowane rubutu yana ƙara tsorata ni. Da suka mutu sai na ji kamar an tabbatar mini da abin da nake gudu. Na yarda. Maigidana ya tambaya, na ce masa nonon ne bai zo ba.

Kwana biyu ruwan ɗumi da sukari muke ba jaririn da cokali.

Ranar Talata da hantsi ya daina kuka. Goggo ta ce yaro ne mai haƙuri. Na duba littafina: fitsari sau ɗaya tak tun jiya da azahar. Na kai shi gindin taga, farin idonsa ya koma rawaya. Na sosa tafin ƙafarsa, da ƙyar ya janye.

A asibiti aka huda dunduniyarsa aka ɗebi jini. Shawara ce, sukarin jininsa ya sauka, jikinsa ya bushe. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske.

Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakin jarirai, ta tambaye ni sau nawa yake shan nono. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta dubi Goggo ta ce:

"Mama, tururuwar nan a wace makaranta ta karanta likitanci?"

Goggo ta fara dariya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Kuka take yi.

An yi wa yaron gwajin korona, ba shi da ita. Likita ya ce mini, "Yunwa ce ta kawo shi nan. Ko yau kike da cutar, cewa zan yi ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki ba shi nono."

A lokacin nonon ya cika ya yi tauri, ko taɓawa ba na iya yi. Goggo ce ta riƙa gasa mini da tawul da ruwan zafi, ita ce ta riƙe kofin da nake tatsawa a ciki. Ta ɗan bututu a hanci ake ba shi. Ranar Juma'a, ƙarfe huɗu saura kwata, ya kama da bakinsa. Minti shida.

Muna asibiti aka raɗa masa suna, Yusuf. Ranar Litinin muka koma gida. Yanzu watansa tara, yana rarrafe, haƙori biyu.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Sista Rifkatu da likitan nan da alheri. Allah ya saka wa maigidana, da ya ji gaskiya bai taɓa yi mini gori ba. Goggo kuma, wadda yanzu take hana a gwada nonon kowa a gidansu, Allah ya ja kwananta.

'Yan'uwa mata, ruwan nonon farko mai rawaya, dakashi, ku ba shi, kada ku zubar. Ku riƙa duba fitsarin jariri. In yaro ya yi shiru da yawa ko idonsa ya yi rawaya, ku tafi asibiti a ranar. Kuma ku faɗa wa ma'aikata gaskiya tun daga ƙofa.

Abin da har yau ban sani ba:

A ina na ɗauki cutar.

Ko zazzaɓin nan na wata na bakwai ya bar wa Yusuf wani abu da sai ya girma za a gani. Likita ya ce zuwa yanzu bai ga komai ba, mu ci gaba da zuwa awo.

Me zai faru da na ƙara kwana ɗaya a gida.

Yaushe zan daina sosa masa tafin ƙafa in ya daɗe yana barci.